Rigar Gwamna

Da sassafe Tasalla ta kai rigar gwamna shagon Baba Ilu tela. Shekara goma sha biyu ke nan da aka soke zaɓe. Yanzu na'ura ce ke fitar da sunan mutum ɗaya cikin talakawa, ya yi mulki shekara guda, sannan ya tsaya a filin gari jama'a su yi masa hisabi. Bana sunan mijinta ne ya fito, Mamuda mai albasa. Tun jiya maƙwabta ke shigowa suna zama jugum, ba wanda ya ce barka.

"Baba, a rage masa ita. Ta yi masa yawa a kafaɗa."

Tsohon ya shimfiɗa rigar a kan tebur. Riga ɗaya ce tal, kowane gwamna gadonta yake yi daga na gabansa. A gadon bayan rigar Tasalla ta ga ƙananan hujoji da aka ɗinke, kusa da juna, kowanne da kalar zarensa. Ta ƙirga har tara, ta kau da kai.

"Asu ne ya ci nan?"

"Asu ba ya zaɓar wuri ɗaya, 'yata."

"Amma Mamuda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ko ruɓaɓɓiyar albasa ba ya cusa wa mutum a buhu."

"Na bara ma limami ne."

Baba Ilu ya auna, ya ja alli, ya ture almakashi gefe.

"Naɗewa zan yi, ba zan yanke ba," in ji shi. "Ba mu san girman na baɗi ba."