Dubai ta Salissou

"Ranar da na dawo daga Dubai, sai an yi layi a ƙofata," in ji Salissou a bakin masallaci. Aka ce masa Allah ya kiyaye hanya, kowa ya faɗa motarsa.

Tun da ya baro Damagaram yake lodin kwalaye a wani sito da ke garin Wendover, can ƙasar waje, kuma ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa sai mai gyaran famfo. Amma ya san halin mutanenmu. Ko shekara kuka yi ba gaisuwa, in ka dawo daga tafiya dole a zo maka sannu da zuwa. Sai ya ɗauki hutu, ya kashe waya.

Dubai kam ta cika masa ido. Benaye na tsirowa daga rairayi kamar gero a damina, wani bai ƙare ba an ɗora wani. Raƙuma na tsere, manyan motoci na bin su a guje. Larabawa cikin fararen jallabiyoyi suna kurɓar gahawa a gindin ginin gilashi. Kullum wani tsoho mai shaho a hannu sai ya waiwayo ya yi masa murmushi, murmushin nan dai guda. Salissou ya yi masa sallama har ya gaji, ba amsa. Ya ci burodi da sardin shi kaɗai. Ya koyi tafiya ba takalmi, sanɗa-sanɗa.

Ran Lahadi ya kunna waya, ya baje dabino da turare a faranti. Kafin La'asar ɗaki ya cika, har wasu na zaune a dandamalin taga. Salissou ya dubi mutane, sai ya saki baki.

"Wallahi a rufin otal na yi Magariba. Na fuskanci gabas, rana na nutsewa cikin teku a bayana."

Malam Djibrilla, limaminsu, ya aje kofin shayi. "A bayanka? Salissou, ai Makka yamma take da Dubai. Su can a gabansu rana ke faɗuwa."

"To Malam, ƙila otal ɗin ne aka gina a juye."

Ba wanda ya yi dariya. Masu tauna dabino suka tsaya da tauna.

Anti Chamsiya, wadda ɗakinta ke ƙarƙashin nasa, ta gyara mayafi.

"Haba Malam, ku ƙyale bawan Allah. Kai kuma Salissou, gaba in za ka Dubai ka rage ƙarar kaset ɗin bidiyon nan na Larabawa. Kullum ina jin takunka bisa kaina, ina ta ajiye maka tuwo ko za ka gaji ka sauko."