Danshin Hannu

Kowa a gidanmu na Gyadi-Gyadi cewa yake ni ce na ƙi koyon gyaran rediyo wurin Baba. Ƙarya ne.

Wata la'asar, zaure duk ƙaurin dalma, yana harhaɗa amfilifaya, na'urar ƙara sauti irin ta da mai kwalabe. Ya ce in riƙe wayoyin mitar awon wuta a kan wani ɗan ƙarfe da ake kira rezista. Fitowata daga wanke-wanke ke nan, sai allurar mitar ta ƙi tsayawa. Maimakon ya ce in goge hannu, sai ya ce, "Hannun mace ba ya rabuwa da danshi. Kira min ƙanenki."

Ƙanen nawa yanzu adaidaita yake ja. Idon Baba ya raunana, wai in zo in riƙa karanta masa mita. Zan je gaisuwa, uba ne. Mita kam, ya nemi wani.