Gyaran Littafin Gimbiya

Malama Dinatu ta karanta sabon babin a ɗakin malamai, tsakanin darasi da darasi, ta kife wayar a kan tebur.

Ta daɗe tana duba wa Gimbiya rubutu. Ita malamar Hausa ce a Talata Mafara, ta fitar da littattafai nata na kanta. Gimbiya kuwa matar aure ce a Maradun, mai sakin labari babi-babi a zauren WhatsApp. Ba su taɓa haɗuwa ba. A da Gimbiya kan aiko dogon saƙon murya tana dariya, ana jiyo daka a bayanta. Tun shigowar damina ta koma rubutu zalla, shi ma gajere.

Babukan ma sun sauya. Jarumar labarin ta rage magana. A wani wuri ta kaɗa kuka tun nama bai dahu ba. Mijinta kuwa zama kawai yake a ƙofar gida, shafi bayan shafi.

Dinatu ta rubuta mata gyara kamar kullum. Ta ce ta mayar wa jarumar bakinta, ta bar ta ta yi faɗa, ta yi tsegumi. Ta ce mai karatu ba zai biya don kallon mutum a zaune ba. Amsa ta zo: to, Malama, za a gyara. Babi na gaba ya iso a kan lokaci, mijin yana nan a ƙofar gida.

Masu karatu suka fara ficewa daga zauren. Dinatu ta ba ta shawarar ta karanta babi ɗaya da muryarta ta saki, ta sa hotonta a bangon littafin, ta yarda a yi ƙaddamarwa a Mafara ranar kasuwa, lokacin da mutanen Bakura ke shigowa. Duk aka amsa da to. Ba a yi ko ɗaya ba.

Ran Asabar Dinatu ta hau mota zuwa Maradun da samfurin bangon a jaka. Ɗan acaɓa ya sauke ta a gidan da aka kwatanta.

Wani mutum ramamme na zaune a kan tabarma a ƙofa, waya a hannunsa. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Ya ce sunansa Sirajo, maigidan. Ya karɓi bangon ya daɗe yana kallon sunan da ke jiki, fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Dinatu ta roƙi ya yi mata iso wurin Gimbiya.

"Malama, ta ce in ba a kai ƙarshe ba an ci amanar masu karatu," in ji shi, bai ɗago ba. "Ni kike yi wa gyara. Gimbiya ta rasu a hanyar Bakura tun ruwan farko."