Akwatin Ranar Alhamis

Duk ranar Alhamis, kafin ta fara yi wa mata bayani, Nas takan buɗe akwatin tambayoyin da ke rataye a bakin ƙofar asibitin. Ita ta kawo wannan dabarar, don ta san halinmu: mace sai ta yi awa guda tana labarin ciwon kai, alhali ba shi ya kawo ta ba.

Takardar farko da fensir aka rubuta ta, haruffan manya-manya, a karkace kamar sawun kaza. "Shekara talatin da aure ban taɓa jin daɗin da mata ke faɗa ba. Laifina ne?"

Nas ta karanta a fili. Mata suka yi ta ƙunshe dariya cikin mayafi. Ta ce ba laifin kowa ba ne, jikin mace ba ya son gaggawa, kuma magana ce da ake zama da miji a yi ta.

Ta biyu ta zo bayan wata guda, mai rubutun ta ce yanzu zafi take ji kamar ana yanka ta. Ta uku ce ta tayar wa Nas hankali. "Al'ada ta daɗe da ɗauke mini, amma in ya kusance ni sai in ga jini."

Nas ta san irin ciwon da ke fara haka a bakin mahaifa, ta kuma san ba ya jira. Ta tsaya gaban bencunanmu ta roƙi mai takardar ta same ta a ofis, ko ta ƙofar baya. Babu wadda ta ɗago kai. Ta zargi mai ɗinki, ta zargi matar direba, har ta tsare wata tsohuwar malama da tambayoyi, matar ta yi fushi ta daina zuwa.

Da rana mahaifiyarta ta miƙo mata kular abinci, kamar yadda ta saba kowace Alhamis. Inna takan zauna a bakin ƙofa ta jira a tashi. Ita ko lambar waya sai an danna mata, bare ta gane abin da ke kan allo.

"Inna, wata baiwar Allah na nema ta kashe kanta da kunya. Ni fa ba na cizo."

"Wataƙila ba cizon take tsoro ba," in ji Inna, tana buɗe murfin kular. "Ci, 'yar nan, kada ya huce."

Takarda ta huɗu gajeriya ce. "Na ji duk abin da kika ce. Ba zan iya kwance zane a gabanki ba." Nas ta sanar cewa ba lallai sai ita ba, akwai likita mace a babban asibiti. Ta biyar ba ta zo ba.

Tun daga nan abin ya tsaya mata a rai. Ko a kasuwa ta ga dattijuwa na tafiya dafe da mara, sai ta bi ta da kallo. In tana buɗe akwatin, ji take kamar wata na tsaye a bayanta tana jiran amsa.

Shekarar dai ba ta zo mata da sauƙi ba. Inna ta tafi ganin ƙanwarta, ta kwanta ciwo a can, ta hana a faɗa, sai labarin rasuwa aka ji. Baban Nas ya ce shi dai ya ga tana ramewa, bai tambaya ba.

Da aka watse daga zaman makoki, Nas ta shiga kwashe kayan ɗakin Inna. A ƙasan durowa, ƙarƙashin zannuwa, ta ci karo da guntun fensir da littafin rubutu irin na 'yan firamare. Shafukan farko a, b, c ne, layi bayan layi, a karkace. A tsakiya an yage shafi huɗu. Na ƙarshe ba a kai ga yage shi ba, jimla ɗaya ce aka yi ta maimaitawa har ƙasa:

"'Yata, ni ce."