Mai Zagin Auta a Jarida

Matar Auta ce ta fara gaya mini, wata Talata ina zaune ina ɗinke maɓallin rigar jikata. Ta shigo da jarida a naɗe kamar za ta kashe ƙuda, ta ce, "Mama, yau ma an taɓa ɗanki."

Auta shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon garinmu. Ni ban san kan ƙwallo ba, amma na san shan kashi. Wasa bakwai a jere ba su ci ko ɗaya ba, suna can ƙasan teburi kamar takalmin da aka manta. Mai ƙungiyar, wani attajiri mai sayar da tayoyi, ya kori koci uku cikin shekara biyu. Gidan da muke ciki kuma na ƙungiya ne. Ranar da aka sallami Auta, har ni da katifata za a fitar.

Ashe mako biyar ke nan wani mai kiran kansa Mai Bulala yana rubutu a shafin wasanni, ana ɓoye mini saboda hawan jini. Surukata malamar makaranta ce, ta iya karatu mai daɗin ji. Ta tsaya a tsakiyar falo ta karanto mini tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu.

"Mai ƙungiya, umarni nake ba ka: ka kori kocin nan kafin Asabar. Kai da ka sayo ɗan wasan gaba don kawai ka ga yana da tsayi, yau dai ka ji magana. Mutumin da idan dabara ta ƙare masa sai ya hau sosa kunnen hagu, mutumin da yake tsara wasa da cokula a kan teburin cin abinci, me zai tsinana maka?"

Maganar cokulan gaskiya ce. Tagarmu tana kallon ta maƙwabcinmu mai gyaran rediyo, don haka shi na zarga, daga ranar na daina amsa gaisuwarsa.

Asabar ta zo, aka yi canjaras, ba a kori Auta ba. Talata ta zo, aka sake zaginsa. Ya dawo gida ya zauna, abinci ya huce a gabansa. Wannan yaro ni na goya shi har ya shekara uku saboda ƙiwa. Na ce a'a, ba da ni a raye ba.

Ran Laraba na ɗauki lemata na tafi ofishin jaridar. Editan wani siriri ne mai tabarau, yana shan shayi a kan tarin takardu. Na buga lemar a teburinsa, na ce ya fito mini da Mai Bulala.

"Wallahi, Kaka, ban taɓa ganinsa ba. Ta waya yake turo rubutun."

Na ce to zan zauna nan har ya zo. Na zauna. Duk wanda ya shigo sai na ba shi labarin irin wahalar da na sha a haihuwar Auta. Kafin azahar edita ya rantse ya soke shafin.

Da ƙarfina ya dawo, na wuce kantin tayoyi, in gaya wa mai ƙungiyar ya daina sauraron 'yan jarida. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi. Sai ya jawo aljihun tebur, ya fito da wata takarda da sa hannunsa a ƙasa.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba. Sallamar ɗanki ce. Mako shida tana nan."

Na tambaye shi me ya hana ya ba shi.

"Wannan marar kunyar na jarida. Ni zai ba umarni? A ce a gari jarida ce take juya ni? Ai duk Talatar da ya ce in kora, ba zan kora ba. Amma ya kuskura ya yi shiru mako guda, ki zo ki ga aiki."

Na ajiye ruwan na fita. Ban ma tuna na yi masa sallama ba.

Na koma ofishin jaridar. Edita yana hango ni ya miƙe tsaye, ya riƙe kofinsa da hannu biyu. Na ce ya mayar da shafin nan, kuma ya ƙara masa faɗi. Ya dube ni kamar na zauce.

"Kaka, ko na mayar ba amfani. Jiya Mai Bulala ya turo cewa zagi ya ƙare masa, ba shi da sabon abin faɗa a kan kocin. Ga shi nan, duba."

Ya miƙo mini wayar. Karatuna bai wuce aji uku ba, dogon rubutu yana sa ni jiri. Amma lamba ba ta ɓace mini. Na dubi wadda ke saman saƙon sau biyu, na mayar masa da wayarsa, na yi masa godiya. A hanya na tsaya na gaishe da mai gyaran rediyo, har na tambayi iyalinsa.

Washegari da safe na jira Auta ya tafi atisaye. Na ja kujera zuwa teburin da surukata take gyaran littattafan ɗalibanta, na ture su gefe, na ce, "Ɗauko wayarki, Mai Bulala. Ke shekara tara kika san shi, ni arba'in da biyu. Rubuta: har ya shiga sakandare ba ya iya ɗaure igiyar takalminsa."