Gidan Zanzaro a Salansa

Wallahi duk Wagadugu ba wanda ya ji kunya ran nan kamar ƙanena Rasmane. Ranar ce zai ɗauki Aseta su je Saaba gaishe da goggonta, wadda sai ta yarda za a yi maganar aure. Ya jawo tsohon babur ɗin babanmu da ke lulluɓe da buhu tun rasuwarsa, ya wanke, ya zuba sabon mai. Aseta ta iso a kan nata babur cikin sabon zanen saƙi, fari tas.

Ya buga, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Gumi ya jiƙa masa riga, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

"Ki hau naki ki tafi, Aseta," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ki ce mata ban isa ba."

Sai ta zagaya bayan babur ta durƙusa.

"Yaya," ta ce da ni, "miƙo min guntuwar wayar ƙarfen can."

Ashe zanzaro ne ya yi gini ya toshe salansa! Ta zungure ƙasar, ta ce, "Buga."

Babur ya yi tari, ya tashi, ya fesa mata baƙin datti a zane tun daga ƙirji har gwiwa. Rasmane ya ɗora hannu a ka.

Ta dubi zanen, ta ɗago.

"To, ka ɓata ni. Kai za ka yi wa goggo bayani. Matsa gaba in hau."

Ni kuwa na rangaɗa guɗa har kaji suka watse.