Busa ta Biyu

Ranar Talata, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, Konno ya shigo filin manyan motocin kamfaninsu da ke bakin kasuwar kifi ta Ishinomaki, yana tauna ragowar dunƙulen shinkafa da kokwamba mai tsami da matarsa Tokie ta naɗe masa. Ya kusa saba'in, kuma rabonsa da giya tun kafin a haifi jikarsa.

Oikawa ne ke zaune a teburin sallama. Shi ke duba lasisin kowane direba, ya sa shi ya busa na'urar gwajin giya, sannan ya miƙa makulli. Shi da Konno ba sa ga maciji da juna. A watan nan kaɗai Konno ya gogi ginshiƙin ƙofa da gefen mota har sau biyu. Da Oikawa ya yi magana, Konno ya ce wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba ya kama bakinsa.

Konno ya kai hannu zai ɗauki bututun busawa, ya kuskure, ya sake laluba. Ya busa. Na'urar ta yi ƙara, jan haske ya kama.

Direbobin da ke layi suka juyo suna kallonsa.

"Baba Konno, je ka kurkure baki, ka ɗan zauna, mu sake," in ji Oikawa. "Wani lokaci abinci ne."

"Ni za ka aika in kurkure baki? A gaban waɗannan?"

"Ƙa'ida ce."

"Ƙa'idar ubanka. Me ka shafa wa bututun, ɗan ofis?"

Daga bayan layi wani ya ce, "Ashe tsoho ma yana ɗan taɓawa a ɓoye." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wuyan Konno ya yi ja.

Oikawa ya tura masa kofin ruwa. "Ka san dokar kamfani. Wanda ya ƙi busa ta biyu, mashayi za a ɗauke shi, kuma ya bar aiki. Kada ka sa ni yin abin da ba na so."

"Ai abin da kake so ke nan tun da ka zo."

Konno bai taɓa maimaita wa kowa magana ba a rayuwarsa, balle numfashi. Ya make kofin, ruwa ya wanke teburin. Ya cire hular kamfani ya ajiye, ya fita. Wani direba ya ja motar kifin da Konno zai kai Tokyo, kuma kafin mako ya ƙare aka sallami Konno.

Har yau bai yafe ba. In ya ji muryar Oikawa a kasuwa sai ya tofar da yawu. Direbobi da yawa sun yarda da zarginsa, har suka daina gaida Oikawa.

A filin, cikin tsofaffin direbobi, biyu ne suka rage, Abe da Kikuta, sai Oikawa da zargin da ya manne masa. A gida kuwa su biyu ne: Konno, wanda yanzu ko lambar bas ba ya iya karantawa, da Tokie. Ta yi shekara tana roƙonsa ya je a duba idonsa, yana daka mata tsawa. Ta san na'urar, ta san mijinta ba zai busa sau biyu ba, shi ya sa ta kwana uku tana jiƙa kokwambar nan a cikin dusar giyar shinkafa, don ta raba shi da sitiyari.